Neman kalma: me za mu kira "bug" da "patch" da Hausa?

1/ Salamu alaikum jama'a. Tun makon jiya nake son kawo maganar nan, don na gaji da cewa "na yi fixing ɗin bug, na tura patch" alhali da Bahaushe ɗan'uwana nake magana. Kalma biyu kacal nake so mu tsayar yau, bug (aibin da ke cikin rubutun manhaja mai sa ta yi ba daidai ba) da patch (ɗan gyaran da ake tura mata), kuma zan faɗi tawa tun farko: patch shi ne faci, bug kuma tangarɗa. Wanda bai yarda ba ya bari in gama tukuna.

2/ Ga abin da ya jawo. Akwai wata buɗaɗɗiyar manhajar imel da nake amfani da ita, irin wadda kowa zai iya karanta kod ɗinta (umarnin da aka rubuta ta da shi) ya gyara, sai na lura idan kan saƙo ya yi tsawo kuma akwai ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki, wani lokaci harafin yana lalacewa ya koma alamar tambaya a wajen wanda aka tura wa. Ba kullum ba, shi ya sa abin ya ci min kwana biyu. Ashe a tsarin UTF-8, wanda kwamfuta ke adana haruffa da shi, kowane ɗaya daga haruffan nan namu masu lanƙwasa bayit biyu yake ci, wato gurbi biyu na ajiya, kuma ƙa'idar imel mai suna RFC 2047 ta ce dogon kan saƙo a yanka shi gunduwa-gunduwa kada kowace ta wuce harafi 75, amma fa kada a raba harafi ɗaya gida biyu, to ita manhajar sai ta yanka daidai tsakiyar ƙ, rabi nan rabi can. Gyaran bai fi layi shida ba. Da na zo yi wa ƙanena bayanin abin da na aika wa masu kula da manhajar, nan ne Hausa ta tsaya min.

3/ Mu fara da mai sauƙin. Faci ai tamu ce tun tuni, daga patch ɗin ma aka aro ta, kowa ya san mai faci a bakin titi. Kuma ku duba yadda aikin ya yi daidai: mai faci ba ya sake maka taya, yana hura tiyub ya tsoma a ruwa ya ga inda kumfa ke fita, ya goge wurin, ya shafa gam ya manna, sannan ya sake tsomawa ya tabbatar. Wallahi haka muke yi. Sai ka fara sa matsalar ta sake bayyana a gabanka, ka gano layin, ka gyara, ka sake gwadawa. Abin da kake turawa ma ba manhajar gaba ɗaya ba ce, ɗan fayil ne da ke cewa cire wannan layi, sa wannan.

4/ Asalin kalmar patch a wajen Turawa ma manni ne na zahiri. Zamanin da ake rubuta umarnin kwamfuta da huda tef na takarda ko kati, in an yi kuskure sai a liƙe ramin da ɗan ƙyallen takarda. Daga baya a 1985 wani mai rubuta manhaja, Larry Wall, ya fitar da wata ƙaramar manhaja mai suna patch wadda ke ɗaukar irin fayil ɗin nan ta manna shi a kod. Har gobe masu aikin Linux, buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ta imel suke tura facinsu.

5/ Wani ya ce min faci na nuna aikin wucin gadi, gara maho. Na ji wannan, maho Hausa ce tsantsa, amma yara nawa ne yanzu suka san maho a riga? Kuma ka gwada a baki: na tura faci, an karɓi facina, facin ya ƙi zama, a sake duba facin nan. Duk sun zauna. Zancen wucin gadi kuma ya danganta da mai aikin ne, faci mai kyau yakan kai har tayar ta mutu.

6/ Bug ce mai wuya. Da yawa za su ce ƙwaro, tunda fassararta ke nan, har su kawo labarin 1947 lokacin da ma'aikatan kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard, inda masaniyar kwamfuta Grace Hopper take aiki, suka ciro wani ƙwaro mai fukafukai daga cikin na'urar suka manna shi a littafin aiki. Labarin gaskiya ne, sai dai kalmar ta girme shi, Thomas Edison mai ƙirƙire-ƙirƙire ma ya yi amfani da ita a wasiƙa tun 1878. Ni matsalata da ƙwaro ita ce in ka ce wa Bahaushe manhajarsa na da ƙwaro, bairos zai ɗauka, wani abu da ya shigo daga waje, sai ya tafi neman abin wanke waya. Alhali bug mu ne muka rubuta shi da hannunmu, ba wanda ya shigo.

7/ Kuskure kuma ya yi faɗi, kuma yana nuna mutum da yatsa, a aikin da yawanci sa kai ne ba na son rahoto ya fara da kama da zargi. Matsala ta fi faɗi ma, rashin data ma matsala ce. Ɓaraka na so ta sosai saboda ɗinke ɓaraka, amma ina ganin mu ajiye ta wa ramin tsaro, irin wanda ɓarawo zai bi ya karanta saƙonnin mutane, can ta fi dacewa.

8/ Tangarɗa kuwa mun saba jin ta a rediyo, an samu tangarɗar na'ura, wato abu yana aiki amma ya harɗe a wani wuri. Daidai abin da ya faru da ƙ ɗina. Sai mu ce rahoton tangarɗa, shi ne abin da ake shigarwa a shafin Bugzilla in kana son masu manhajar imel ta Thunderbird su ji kukanka, mu ce farautar tangarɗa in ana neman inda take. Na yarda ta fi bug tsawo, harafi takwas a kan uku, amma ba sai an yi wa kowa bayaninta ba.

9/ 'Yan'uwa na Nijar, ku da kuka taso da Faransanci, me kuke cewa a Maraɗi da Damagaram in taya ta yi faci? In kalmar ɗaya ce shi ke nan, in ba ɗaya ba ku faɗa mana kafin in fara sa ta a darasin da nake rubuta wa masu koyo, don darasi na farko ma kan yadda ake rubuta rahoton tangarɗa ne, kuma da misalin ƙ ɗin nan zan fara.