Wai da gaske ne akwai fatalwa a gidan Borley na Ingila?

Ummu_Haidar:
Salam 'yan uwa, don Allah wa ya san labarin gidan nan na ƙauyen Borley da ake cewa duk Ingila ba gidan da ya kai shi fatalwa? Hoton kangonsa na gani bayan ya ƙone, ba rufi sai bangaye. Ashe su ma Turawa suna da irin wannan tsoron?

Baban_Sadiq:
Wslm hajiya. Gidan limamin coci ne a yankin Essex, wani fasto Henry Bull ya gina shi a 1862. Abin da ake faɗa wai can da daɗewa wata sistar coci ('yar zuhudu) ta yi soyayya da wani ɗan zuhudu, da asiri ya tonu shi aka kashe shi ita kuma aka gine ta cikin bango da ranta, to ita ce wai take yawo a lambun gidan. A 1900 'ya'yan faston mata su huɗu suka ce sun gan ta da yamma, ana kuma cewa tun kafin nan faston ya sa an toshe tagar ɗakin cin abinci da bulo saboda leƙen da take musu.

Dan_Fagge:
Malam ka bar rabin labarin ai. Wanda ya tallata gidan Harry Price ne, wani mai binciken fatalwa, ya fara zuwa a 1929, a 1937 ya kama hayarsa shekara guda ya zuba mutum 48 suna gadin fatalwa, ya fito da littafi ya yi suna. Bayan ya mutu masu bincike suka bi diddigi, rahotonsu na 1956 ya ce akwai hannunsa a ciki, wani ɗan jarida ma ya ce ya kama shi da tsakuwa cike da aljihu lokacin da ake cewa fatalwa ce ke jifa. Ita kuma Marianne, matar wani fasto da ake ganin sunanta a rubuce jikin bango, daga baya da bakinta ta ce tana hulɗa da ɗan hayar gidan ne take fakewa da fatalwa kar miji ya gane, hhh.

Maman_Iman:
Ni dai wanda ya mutu ba ya dawowa, in ma akwai wani abu aljanu ne. Allah ya tsare mu.

Ummu_Haidar:
Amin. To ita gobarar fa yaya aka yi?

Dan_Fagge:
Watan Fabrairun 1939, sabon mai gidan ya ce fitilar kananzir ce ta faɗi yana kwance kaya, masu inshora dai ba su yarda ba, suka ce da gangan ne. A 1944 aka rushe abin da ya rage, hoton naki tsoho ne.