Me za mu kira turampet da 'yan uwanta da Hausa?

Jama'a a daina ce mata algaita don Allah. Algaita ɗan siririn kara ne a bakinta yake kaɗawa ya ba da sauti, ita kuwa turampet leɓɓan mai busa ne ke karkarwa a cikin ɗan kofin bakin, kamar dai kakaki da ƙaho.

To sai a ce kakaki kenan? Ta fuskar busa e, danginsu ɗaya. Amma kakaki dogo ne miƙaƙƙe ba a naɗe shi ba, kuma yau in ka rubuta "kakakin soja" kowa mai magana da yawun rundunar zai ɗauka.

Ni ina ganin begila ce ta dace, tunda kalmar ta riga ta zauna a bakinmu, tagulla ce naɗaɗɗiya kamar su, abin da kawai ta rasa shi ne maɓallai. Maɓallan nan kuwa a Jamus aka yi rajistarsu a 1818 da sunan Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel, kowane maɓalli ka latsa sai iska ta bi ta wani ƙarin bututu hanya ta yi tsawo murya ta sauka, shi ya sa turampet take fitar da muryoyin da begilar fareti ba ta iyawa.

Don haka gidan duka dangin begila, turampet kuma begila mai maɓallai. Ƙaramar turampet da ake kira fikolo, wadda bututunta rabin na babbar ne muryarta can sama, 'yar begila. Ta bas mai kaurin murya uwar begila. Wadda aka nannaɗe ta dunƙule a tafin hannu begilar aljihu, duk da tsawon bututunta ɗaya ne da na turampet, kusan mita 1.5.

Inda nake so mu tattauna sosai konet ce da fulugelhon. Bututun turampet kusan kauri ɗaya yake tafiya sai dab da bakin da murya ke fita ya buɗe, na konet kuwa a hankali yake ta faɗaɗa tun daga sama, shi ya sa muryarta ta fi laushi, da ita ma shahararren mai busa na Amurka Louis Armstrong ya fara. Na ce begila mai laushi. Fulugelhon ta fi ta faɗaɗa, irin ta Hugh Masekela na Afirka ta Kudu, bakinta wangame, sai begila mai faɗin baki.

Sunan konet ɗin ne bai gama kwanta min ba, tunda fulugelhon ma laushin gare ta har ta fi. Masu busa a bandin soja da na 'yan sanda, ku me kuke ce mata a wurin atisaye?