Musayar Waƙa: Renon Dashe Kafin Damina

Ɗan Autan Dukku:
Sallama gare ku, masana sirrin itace,
Ga tambayata, ku amsa mini a taƙaice:
In leda dubu ake son cikawa da dashe,
Wace ƙasa za a zuba, kuma yaushe ya dace?

Baba Mai Gandu, Bajoga:
Ɗana, lissafo baya daga Yuli, watan dasawa,
Wata huɗu ko biyar: Fabrairu ko Maris ake farawa.
Baƙar ƙasa kwano uku, yashi biyu kake aunawa,
Ruɓaɓɓen taki ɗaya, a tankaɗe kafin gaurayawa.
Ɗanyen taki zafi gare shi, saiwa yake ƙonawa,
Ga gara na bin sa, ita kuwa ba ta ragawa.
Huda gindin leda, ruwa ya sami wurin tsiyayewa,
Jeri faɗin mita ɗaya, hannu ya kai tsakiya cirar ciyawa.

Inna Mai Iri, Kumo:
Malam, ka gyara ƙasa, ka tsallake zancen iri!
Dogon yaro ba ya son ajiya, a shuka shi da wuri,
A wanke shi, a shanya a inuwa, a kai leda da sauri,
Makonni kaɗan a buhu, ƙwayar ta rasa ƙwari.
Gawo da kuka da ɗorawa, ɓawonsu akwai tauri,
Tafasa ruwa, sauke, zuba su, su kwana har wayewar gari,
Ko goga gefen ƙwaya a dutse, nesa da idonta, da haƙuri.
Irin itacen turare ƙanana ne ƙwarai, ba a kai shi leda da fari,
A yafa shi a fangali, in ya yi ganye huɗu ya shiga jeri.
Zurfin shuka ninkin ƙwaya biyu, kar ka haƙa mata kabari.

Ɗan Autan Dukku:
Inna, me ke sa tsiro ya fito kore, lafiya,
Kwana kaɗan wuyansa ya ruɓe, ya kife gaba ɗaya?

Malamin Daji, Gombe:
Ƙanena, ruwa ne ya yi yawa, inuwa ta tare rana,
Sai funfuna ta kama wuyan tsiron nan ƙanana.
Ɗaga rumfa iska ta ratsa, ka rage kaurin zana,
Taɓa ƙasa da yatsa, in da lema bar ta ta kwana.
Wanda ya kamu tsige shi, kai shi nesa ka ƙona.
A 2019 gwamnati ta fara shirin dashen itace na 3G (Gombe Goes Green) a jihar nan tamu, ɗan'uwana,
Kwaruruka na cin Gombe, lafiyayyen dashe muke nema mu mana.

Baba Mai Gandu, Bajoga:
Malam ya faɗi gaskiya, saura batun saiwa.
Duk mako biyu ko uku, ledar nan a riƙa ɗagawa,
Wadda ta huda ta kama ƙasa, da kaifin wuƙa ake datsewa.
Gawo ya fi kowa wannan, zurfi yake zurmawa,
Ka bar shi sai ran ɗauka, ya fizge, ya kama bushewa.
Saura wata ɗaya a fita, rumfa a hankali ake yayewa,
A rage ruwa, kara ya yi ƙwari, ya saba da ƙishirwa.

Inna Mai Iri, Kumo:
Ɗan Auta, dubu kake so? Ƙara ɗari biyu a kai,
Wani ba zai tsiro ba, wani ya tsuke, zaɓe za a yi sosai.
Rami santimita 40, bayan ruwa ya jiƙa ƙasa ƙwarai,
Tsaga leda ka cire ta, dunƙulen ƙasa ya shiga shi kaɗai.
Shinge kuma tun ranar, kafin akuyar maƙwabci ta kai.