Neman kalmar Hausa: me za mu kira "waitlist" na jami'o'in Amurka?

Mai Shirin Ilimi: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan gabatar da shiri a rediyo kan yadda jami'o'in Amurka ke ɗaukar ɗalibai, amma kalmar "waitlist" ta hana ni sakat. Ɗalibi ne ya cika sharuɗɗa, ba a ɗauke shi ba kuma ba a sallame shi ba, sai bayan 1 ga Mayu, ranar da waɗanda aka ba gurbi ke bayyana ko za su zo, sannan jami'a ta ƙirga kujerun da suka rage. Na rubuta "layin jira", amma hankalina bai kwanta ba.

Mai Fassara: Hajiya, "layi" zai ruɗa mai sauraro, domin a layi na gaba ake fara sallama, alhali yawancin jami'o'in ba sa ba sunayen lamba. Idan masu son injiniyanci ne suka yi ƙaranci, cikinsu za a zaɓo, ko da wani ya fi su maki. Ina ganin "'yan benci" ya dace, domin koci ma wanda wasa ke bukata yake ɗaukowa.

Malamin Hausa: Da "layi" da "benci" duk aron Turanci ne, kuma abin kunya ne a ce harshe mai miliyoyin masu magana ya kasa suna ga zaman jira. Ni "dakon gurbi" nake koya wa ɗalibaina, kuma shi ne daidai.

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, ita "jami'a" ai Larabci ce, ban ji an kore ta ba. Sannan wanda ya ji "dako" a rediyo, mai ɗaukar kaya a kasuwa zai fara tunawa.

Malamin Hausa: Wanda bai san "zaman dako" ba, bai kamata a damƙa masa aikin fassara ba.

Tsohon Magatakarda: A yi haƙuri, Malam. Kada dai a ce "'yan cike giɓi", domin zai nuna kamar ba su cancanta ba. Jami'ar Harvard ta ɗauki ƙasa da mutum 4 cikin 100 na masu nema a 2024, kuma da yawa daga waɗanda aka bari sun isa shiga. Kujeru ne ba su isa ba. Wasu shekarun ba a kiran kowa daga jerin, zaman ya koma tsammanin warabbuka.

Mai Shirin Ilimi: Na gode ƙwarai. Zan ce "jerin masu dakon gurbi" a farko, in bayyana da misalin benci.

Malamin Hausa: An karɓi rabi. Bencin kuwa, ban yafe ba.