Kwikwiyo jinin karen farauta: da me ake farawa?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Akwai wani bawan Allah a nan Garwa da ke tsintar karnukan da aka yasar, yana kula da su har a samu mai ɗauka. Cikinsu akwai kwikwiyo ɗan sati 9, dogayen ƙafafu, siririn ƙugu, irin na mafarauta, ba ya zama wuri ɗaya. Ina son in ɗauke shi don gadi da ɗan farautar zomo, amma gidan akwai yara, awaki da kaji. Masana, me zan duba, kuma da me zan fara?

Ma'aikacin dabbobi, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar zancen farauta tukuna, wata huɗun farko na tsare ransa ne. Kafin ka ɗauka, ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. In ya yi fari fat, tsutsar ciki ko kaska sun sha masa jini. Ka dubi kashinsa: zawo mai jini da wari sosai, ga amai, wannan alamar parvo ce, cutar da ke kama hanjin karnuka, ita ta fi kashe 'yan kwikwiyo a inda aka tara karnuka da yawa. Ƙwayarta tana yin watanni a cikin ƙasa, sabulu ba ya kashe ta, sai javel, wato ruwan bilic na wanki, ludayi 1 cikin ludayi 30 na ruwa. Ka tambaya ko wani ya mutu a wurin kwanan nan, kuma ko akwai katin rigakafi.

Allurar parvo da sauran cututtukan ƙuruciya ana fara ta daga sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Tunda naka ya kai 9, a yi ta farko a makon da ka kawo shi. Abin da ke ɓata aikin shi ne a yi guda ɗaya a ce an gama, ko a sayi allurar da ta kwana a zafi. Ka nemi wadda aka fito da ita daga firji a gabanka, wurin likitan dabbobi ko ofishin MINEPIA, wato ma'aikatar kula da kiwon dabbobi ta Kamaru. Ta haukan kare kuwa a wata 3, sannan duk shekara. Wannan ba ta da sassauci, don kwikwiyon da ba a san uwarsa ba yana iya ɗauke da cutar makonni bai nuna ba. In ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti a ranar, shi kuma a tsare shi kwana 10 ana lura.

Maganin tsutsa duk sati 2 har ya cika wata 3, daga nan duk wata har wata 6, gwargwadon nauyinsa. Don Allah kar a yi masa wanka da maganin kaskar shanu, yana kashe su.

Tsohon mafarauci:
Likita ya faɗi nasa. Ni ɗana, gargaɗina kan awakin nan ne. Irin wannan kare da ido yake farauta, duk abin da ya ruga a gabansa sai ya bi, ba mugunta ba ce, jininsa ne. Yanzu ne lokacin sabo, kafin ya wuce wata 3. Kullum ka riƙe shi da igiya ka zauna kusa da turke. Ya kalli akuya ya kau da kai, ka ba shi ɗan nama. Ya zabura, ka ce "bari" da murya ɗaya, ka janye shi. Kar ka yarda ya kama kaza ko sau ɗaya, wanda ya ɗanɗana da wuya ya daina.

Kira shi ne darasi na farko. Ka zaɓi fito guda, ka riƙa yin sa duk lokacin cin abinci, sau 4 a yini yanzu, sau 3 daga wata 3, sau 2 bayan wata 6. In ka kira ya zo, ko ɓarna ya yi kar ka doke shi, in ba haka ba gobe ba zai zo ba, kuma karen da ba ya amsa kira a daji ya ɓata. Ɗaure shi da sarƙa yini guda shi ke jawo haushin dare da tonon rami da cizo. Katanga ta kai mita 2, suna tsallake wadda ba ta kai ba.

Malama daga Kuseri:
Baba, a ƙara da cewa gudu mai nisa sai ƙashinsa ya yi ƙwari, wajen shekara guda. Masu jan kwikwiyo a bayan babur suna lalata masa gaɓoɓi. Wasa na minti 10 zuwa 15 sau uku a tsakar gida ya ishe shi, da asuba da bayan la'asar, don a bazara zafin nan yana haura digiri 40, kare kuma da haki yake fitar da zafi. Ruwa kar ya yanke, makwancinsa a inuwa, a busasshen wuri. Ƙasar da fitsari ko kashi ya ɓata ita ce inda wani ƙuda ke zuba ƙwai, tsutsar ta shiga fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. A toshe ramin da basilin, in ta leƙo a matse ta fito gaba ɗayanta.

Abinci: tuwo zalla ba ya gina shi, a haɗa da dafaffen nama, ƙwai ko kifi da aka cire wa ƙaya. Ban da albasa, ban da ƙashin kaza dafaffe. Mu na bakin Logone da Shari muna da ƙarin dalili: tun 2012 ake samun kurkunu a jikin karnuka a Chadi, ana kuma danganta shi da ɗanyen hanjin kifi. A binne hanjin ko a ƙona.

Ɗan Garwa:
Na gode ƙwarai. Yaushe zan iya fita da shi unguwa?

Ma'aikacin dabbobi, Marwa:
Sati 2 bayan allurar ƙarshe ta sati 16, da igiya a wuya. Kafin nan kar ya taka inda karnukan titi ke kashi, kuma baƙon kare kar ya shigo masa gida.