"Ba a fafe gora ranar tafiya": an faɗe ta a gidan makoki, gida ya rabu biyu

Saratu Kafanchan: Jama'a sannunku. Ku taya ni duba wata magana. Mijin gwaggona ya rasu ran Talatar makon jiya, aka yi jana'iza ran Asabar. Da yamma Baba Pasto ya zo gida yin addu'a da iyali. Ya karanta Daniyel 6, inda aka kafa dokar kada kowa ya roƙi wani sai sarki, shi kuwa Daniyel ya hau ɗakinsa ya durƙusa sau uku a rana kamar yadda ya saba. Sai ya ce mana, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba da durƙuso tun ana zaman lafiya ba, ranar kuka gwiwarsa ba za ta lanƙwasu ba." Gwaggo ta tashi ta shige ɗaki, ba ta fito ba har ya tafi. Kowa ya san ta yi shekaru ba ta zuwa addu'ar safe, tun duku-duku tana hanyar kasuwa. Ta ce da ita yake. Baffa ya ce da mu matasa yake, kuma gaskiya ya faɗa. Har yau ba sa ga maciji. Ni tambayata, wannan karin maganar ta gidan makoki ce?

Dattijo Kagoro: 'Yata, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Bawan Allah bai faɗi nasa ba. Duba budurwai goma a Matiyu 25. Duk sun yi barci, duk suna da fitila, abin da ya raba su shi ne mai. Ango ya iso da tsakar dare, ina za a sami mai sayarwa? Mu da muka ga zamanin gangamin bishara na Sabon Rai Don Kowa, gida-gida ake taruwa addu'a kafin a fita gona. Shi ya riƙe mu har yau.

Maman Tagwaye: Baba, da girmanka, ban yarda ba. Abokan Ayuba kwana bakwai suka yi a zaune a ƙasa tare da shi, ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki ne suka ɓata komai. Matar da ta binne mijinta da safe, da yamma a ce mata ba ta yi tanadi ba? Gaskiya ma tana da ranarta.

Ɗan Wusasa: Ku tsaya tukuna. Tafiyar wa ake magana? Ai mamacin ne ya yi tafiya. Ni a kunnena yabon marigayi aka yi, cewa shi ya fafe nasa tun da wuri.

Saratu Kafanchan: Yaya, wannan kam haka yake. Shi ke buga ƙarfen addu'ar safe a majami'armu, ya fi shekara ashirin yana yi. Gwaggo ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne ƙarfe biyar na asuba, ta ji an buga, ta san hannun wani ne.

Malam Sani Funtuwa: Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ni musulmi ne, amma maƙwabta muke kuma gora ɗaya muke sha. A wurinmu an ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, don haka na gane inda malaminku ya dosa. Sai dai abin da Saratu ta faɗa yanzu ya tuna mini wata: sabo ake yi wa kuka. Gwaggonki sabon da take da shi da mijinta ne, da ƙarar ƙarfensa. Shi aka ɗauke mata.

Bala Direba: Wanda ya fi kowa fafe gora ranar tafiya shi ne ɗan majalisarmu. Shekara uku da rabi wayarsa a kashe, saura wata biyu zaɓe sai ga injin haƙa burtsatse da buhunan taliya. Har gaisuwar mutuwa yake zuwa a lokacin, da mai ɗaukar hoto a bayansa.

Maman Tagwaye: Namu ya zo taron Zumuntar Mata ya yi alkawarin motar bas. Mun ga sitika mai hotonsa, motar ce dai har yanzu tana hanya.

Ɗan Wusasa: Kuma goran nasu kullum da ɗaci, don ba su jiƙa shi ya kwana ba. Duk wanda ya sha sai cikinsa ya murɗa shekara huɗu.

'Yar Michika: Ku bar 'yan siyasa, bari in ba ku labarin kakata, ku yanke da kanku, don ni har yau ban san gefen da labarin ya faɗa ba.

Kaka ba ta iya karatu ba. 'Yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, tun tana yarinya, kuma in ana labarin yadda aka fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923, sai ka ɗauka tana wurin, alhali ba a ma haife ta ba. Abin da ta sani na Littafi a Zumuntar Mata ta haddace shi, Zabura 23 da Addu'ar Ubangiji da waƙoƙi masu yawa. Kullum kafin zakara ya yi cara na biyu ta tashi, ta shimfiɗa wani tsohon buhu kusa da murhu, ta durƙusa ta jero sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'ya takwas, jikoki, har da surukan da ba sa shiri da ita. Muna yara mukan lafe mu ji ko za ta tsallake wani. Ba ta taɓa tsallakewa ba.

A watan Satumba 2014 'yan Boko Haram suka shigo Michika. Muka gudu Mubi wurin dangi. Autanta, kawu ne a wurina, ya ce zai koma ya dubo awaki da masarar da ta kusa nuna, kwana biyu ya dawo. Bai dawo ba. Ran 29 ga Oktoba aka shigo Mubi, a ranar aka kama hedikwatar ikkilisiya a Kwarhi. Muka bi duwatsu ta gefen Kamaru da ƙafa, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, da zane ɗaya a jikinta. Ba gora, ba buhu, ba littafin waƙa. Ruwan da muka sha a hanya ba na son in tuna. Daga ƙarshe muka sami kanmu a ɗaki guda a Jimeta, mu goma sha ɗaya. Masarar da muka ci a cocin Katolika na St Theresa muke karɓowa, inda ake raba wa 'yan gudun hijira ba tare da an tambayi ɗarikar kowa ba.

A can ne wani ɗan ƙauyenmu ya zo ya faɗa mata an kashe kawu. Ba gawa, ba kabari, ba inda za ta je ta tsaya. Ba ta yi kuka a gabanmu ba.

Washegari da asuba ta tashi kamar kullum. Ni ce nake kwana kusa da ita. Ta ja wani kwali ta zauna a bakin ƙofa. Na jira in ji sunaye, shiru. Kashegari haka. Mako ya wuce, wata ya wuce. Lokacinta bai taɓa kuɓuce mata ba, amma bakinta a rufe. Ran nan na kasa daurewa na ce, "Kaka, ba kya addu'a kuma?" Ta ce, "Ba ni da magana da shi." Na ce, "To me kike tashi yi?" Ta ce, "Na zo ne ya gan ni. Ya san abin da ya yi."

Na tsorata ƙwarai, na ɗauka saɓo ta yi. Na je na faɗa wa wata uwar zumunta da muka gudo tare. Matar nan ba ta ce mata komai ba. Sai dai daga ranar, duk asuba ta tako daga nasu ɗakin ta zauna kusa da Kaka, su biyu shiru, har gari ya waye ta koma.

Wata huɗu aka yi haka. Wata asuba a cikin sanyin hunturu na ji murya. Ta fara daga babba, tana saukowa. Gabana ya riƙa faɗuwa don na san inda za ta kai. Da ta iso kan auta ta kira sunansa, ta tsaya. Ta daɗe. Sai ta ce, "Wannan yana wurinka, kai ka san yadda za ka yi da shi." Ta wuce kan jikoki. Ranar ce ta yi kukan, har maƙwabta suka fito.

Mun koma gida da damina ta 2015, ta rasu a 2019. Har ta mutu ba ta cire sunansa daga jerin ba, kuma kullum a nan take tsayawa.

Dattijo Kagoro: 'Yata, kin sa ni hawaye. Amma kin ga abin da nake faɗa? Me ya tashe ta a Jimeta? Goran da ta fafe shekara hamsin. Baki ya mutu, ƙafa ta san hanya.

Maman Tagwaye: Baba, goran nan wata huɗu ba ɗigon ruwa a cikinsa. Mai tanadin shekara hamsin ke nan ta rasa ta cewa. To ina laifin gwaggon Saratu? Ni a labarin nan uwar zumuntar nake kallo.

Mai Bishara Haruna: Akwai Zabura 88. Daga farkonta har ƙarshe ƙara ce ake kai wa Allah, ba a rufe ta da yabo ba, da duhu aka rufe ta, kuma aka bar ta a cikin Littafi. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu ne yake roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Zaman Kaka a kan kwalin nan ni addu'a na ɗauke shi. Sannan ga ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23. Wannan ai ranar tafiyar ce ya fafe nasa, ƙafarsa ɗaya a waje, aka kuma ce masa yau zai kasance tare da Yesu a Firdausi.

Dattijo Kagoro: Ɓarawo ɗaya ne aka ba mu labarinsa haka, ɗana. Na ɗaya gefen fa?

Bala Direba: Don Allah kada wannan ayar ta kai kunnen masu cin kuɗin taki, sai su ce su ma za su jira ranar ƙarshe.

Issa Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. A Janairun 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, wasu 'yan'uwa sun yi sujada ran Lahadi a cikin toka. Na san wani mutum da bai taɓa damuwa da addu'a ba sai bayan wannan. Yanzu shi ke tada iyalinsa da asuba. Wani goran tafiyar ce take fafe shi.

Ɗan Wusasa: Babanmu da tsohuwar fassarar 1932 yake karanta mana, wadda Likita Miller ya yi aiki a kanta. Aya biyar, waƙa ɗaya, addu'a, a tashi. Bai taɓa wuce minti goma ba, ya ce abin da ya yi tsawo ba ya kai gobe. Da ya rasu mun yi wata biyu ba mu yi ba, don ba wanda ya iya zama a kujerarsa. Ƙanwarmu ce ta ce a koma tsakar gida a kan tabarma.

Talatu Gombe: Ni fa ina da tsoron abin nan. An ce sabo turken wawa. Na yi shekara biyu ina tashi ƙarfe biyar, ina karantawa, ina durƙusawa, zuciyata tana kan kuɗin makarantar yara. Wannan gora ne ko turke?

Malam Sani Funtuwa: Talatu, akuyar da ke turke ita ake samu in hadari ya taso.

Talatu Gombe: Malam, ita ce kuma ake fara kamawa in baƙo ya zo.

Maman Tagwaye: Kai Talatu! Allah ya shirye ki.

'Yar Michika: Talatu, Kaka ma takan yi gyangyaɗi a tsakiyar jerin. Ta farka ta ce, "Ina na tsaya?" mu ce mata wurin wane. Ba ta taɓa jin kunyar hakan ba.

Saratu Kafanchan: Na gode muku duka. Na karanta wa Baffa labarin Kaka, ya ce ai maganarsa ce ta fito. Na karanta wa Gwaggo, ba ta ce komai ba, sai ta tambaye ni ko matar da take zuwa zama da ita tana da rai. 'Yar Michika, me zan ce mata?

'Yar Michika: Tana nan, ta tsufa sosai, tana wurin ɗanta a Yola. Idonta ne ya tafi.

Dattijo Kagoro: 'Yata, ki gaya wa Baba Pasto ya koma gidan, ko da gaisuwa kawai. Amma maganar gora ban janye ba.

Issa Maraɗi: Mu nan "ba a gyaran gora" nake ji tsofaffi suna cewa wani lokaci. Gyara da fafewa ai ba ɗaya ba ne. Wanda ake gyarawa dama akwai shi.

Ɗan Wusasa: A'a Issa, fafe ne. Kada ka sake buɗe mana wata.

Bala Direba: Saratu, ran Asabar zan bi ta Kafanchan da lodin citta. Wace unguwa ce, in tsaya in yi wa Gwaggo gaisuwa?