Neman kalmar Hausa: me za mu kira “tragedy”?

Malamar Adabi: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan gabatar da darasi a rediyo kan wasan Romeo da Juliet na Shakespeare, amma har yanzu ban sami sunan da zan ba irin wannan wasa ba. Da aka tara wasanninsa cikin kundi guda a 1623, gida uku aka kasa su: na ban dariya, na tarihi, sai waɗanda Turawa ke kira “tragedy”, kuma wannan kaso na uku nake nema wa suna.

Mai Fassara: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ce “wasan ban tausayi”, kowa zai gane.

Tsohon Ɗan Jarida: Ban tausayi bai kai ba, domin tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa ma abin tausayi ce, alhali ɗan sarki take aura a ƙarshe. Tun zamanin Girkawa Aristotle ya ce irin wannan wasa tausayi da tsoro yake tayarwa tare. A wasan da Malama za ta koyar, tun a layuka 14 na buɗewa an shaida wa ’yan kallo cewa masoyan za su mutu saboda gabar gidan Montague (gidan su Romeo) da gidan Capulet (gidan su Juliet), sai mutum ya zauna yana kallon abin yana matsowa ba shi da ikon tare shi. Ni “wasan alhini” nake gani.

Dattijon Harshe: Alhini aro ne daga Larabci, ga kuwa tamu a gida. Ku ce “wasan mutuwar kasko”. Romeo ya sha guba, Juliet ta soke kanta da wuƙarsa, gidaje biyu sun tashi babu magaji. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai haka.

Tsohon Ɗan Jarida: Allah ya gafarta Malam, abokan gaba ne ke yin mutuwar kasko, kowa ya kashe ɗan’uwansa, su kuwa waɗannan ma’aurata ne. Kuma ya za mu yi da Sarki Lear na wani wasan Shakespeare, wanda ya raba mulkinsa bisa daɗin bakin ’ya’yansa mata biyu, ya kori autarsa Cordelia da ta ƙi yi masa zaƙin baki, ya ƙare ɗauke da gawarta? Suna muke nema wanda zai rufe su duka.

Malami daga Damagaram: Mu da muka yi karatu da Faransanci kusan kalma ɗaya muke ji a aji, saboda haka ban ga laifin a ce “tirajidi” ba, tunda Ingilishin ma daga Girkanci ta samo asali.

Dattijon Harshe: Ga irinta nan. Kullum sai a nuna kamar Hausa ba ta isa ɗaukar babban ilimi ba sai ta yi bara a ƙofar Bature.

Malami daga Damagaram: Ranka ya daɗe, “adabi” da “littafi” ma ba a Kano aka haife su ba, ban kuwa ji ana korarsu ba.

Mai Fassara: To, ko a ce “wasan ƙaddara”? Wasiƙar da za ta sanar da Romeo cewa Juliet barci take yi, ba mutuwa ta yi ba, ba ta isa Mantua inda yake gudun hijira ba, saboda an tsare ɗan aiken a gidan da ake zargin akwai annoba.

Malamar Adabi: Wannan ina gudunsa, domin muddin na ce ƙaddara, masu saurare za su wanke Romeo daga gaggawar kashe Tybalt ɗan’uwan Juliet, su wanke mahaifin Juliet daga auren dolen da ya ƙulla mata da wani basarake mai suna Paris tun ba ta cika shekara 14 ba, alhali nan ne zuciyar darasin. Zan ɗauki “wasan alhini”, in faɗi kalmar Turancin sau ɗaya a farko saboda masu jarrabawa.

Dattijon Harshe: Ki yi amfani da shi ranar Litinin, ’yata, tunda lokaci ya ƙure. Amma ban sa hannu ba, kuma a ajina mutuwar kasko tana nan daram.